Arahar da Ke Kwana Ɗaki Ɗaya da Iyali: Martani Kan Haɗa Rumbun Wuta da Tsofaffin Batura

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ya yi a wannan mujalla, inda ya yi kira ga magidanta su daina zaman jiran NEPA, su bi shagunan masu gyara da 'yan gwangwan su tattaro matattun baturan laftof, su farfasa su, su ciro ƙwayoyin litiyam da ke ciki, su haɗa wa kansu rumbun wuta a gida. A cewarsa abin yana da araha, ba shi da wuyar koyo, kuma taimako ne ga muhalli tunda ana rage shara. Na karanta sau biyu, na ajiye, na sake ɗauka bayan kwana biyu don kada in yi masa martani cikin zafin rai. Har yanzu ra'ayina bai sauya ba: wannan shawara, yadda aka ba da ita, tana iya cin ran mutum.

Malam, ba na musun ciwon da ya sa ka ɗauki alƙalami. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, janareta ya fi ƙarfin yawancin gidaje. A watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe kwana da kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, teloli da masu walda da masu sayar da ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. Duk wanda ya kwana da jariri a ɗakin kwano cikin watan Afrilu babu fanka ya san dalilin da zai sa mutum ya rungumi kowace irin dabara. Kuma ka faɗi gaskiya a wuri ɗaya: batirin laftof da aka ce ya mutu, sau da yawa ba duk ƙwayoyinsa ne suka mutu ba. Ƙwaya biyu kan lalace, allon da ke ciki ya kulle, sauran huɗun suna da sauran rai. Na yi shekaru ina harkar haɗa sola, na fasa irin waɗannan batura da hannuna, na ga haka.

Inda muka rabu shi ne wannan. Arahar da kake tallatawa ba ta fitowa sai an tsallake gwaji, an tsallake kayan tsaro, an tsallake ɗakin da ya dace a ajiye abin. Idan aka biya kuɗin waɗannan duka, arahar ta tafi. Idan aka ƙi biya, to akwai mai biya, kuma shi ne wanda ke barci kusa da akwatin.

Tunda a kan araha ka gina maganarka, mu zauna mu yi lissafi.

Ƙwayar da ake magana a kanta ita ce wadda masu sana'a ke kira 18650. Sunan daga girmanta yake: kaurinta milimita 18, tsawonta milimita 65. Ƙarfinta na yau da kullum bolt 3.6 ne ko 3.7, idan ta cika ta kai 4.2. Tsohuwar ƙwayar laftof mai lafiya, wadda ke riƙe mAh 2,000, wutar da ke cikinta ba ta wuce ta kunna ƙwan wat 7 na awa ɗaya ba. Yanzu ɗauki gida mai matsakaicin hali: fanka biyu, ƙwai shida, talabijin, da cajin wayoyi. Ka ce duka suna jan wat 250. A kunna su awa goma, yunit biyu da rabi ke nan, irin yunit ɗin da muke saya a mita. Inbata tana cin nata, kuma ba a tatse batir har ƙasa, don haka rumbun sai ya kai yunit uku da rabi. Raba wannan da abin da ƙwaya ɗaya ke riƙewa, za ka ga ana bukatar ƙwaya kusan 500. Ban sa firji ba, ban sa injin jan ruwa ba.

Batirin laftof na da yakan zo da ƙwaya shida. Ko da duk sun yi kyau, sai ka fasa batir fiye da 80. Amma ba za su yi kyau duka ba. Mu ƙaddara rabi ne za su ci jarrabawa, ka ga batir 170 ke nan, ƙwaya dubu. Kowace ɗaya sai an cika ta, an sauke ta a hankali ana auna abin da ta bayar, an duba ko tana ɗaukar zafi. Na'urar gwajin da aka fi samu ramuka huɗu gare ta, kuma zagaye ɗaya yana cin awa takwas zuwa goma. Idan ka dage kana yin zagaye biyu a rana, ƙwaya takwas ka gwada. Ƙwaya dubu, kwana 125. Wata huɗu, kuma da sharaɗin wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya, domin idan ta ɗauke a tsakiyar gwaji sai a koma farko.

A nan nake so ka tsaya ka duba, Malam. Mutumin da ka rubuta wa shawarar nan, abin da ya rasa shi ne wuta. Da wace wutar zai yi gwajin wata huɗu? Amsar da na gani da idona a shaguna ita ce ba a yin gwajin. Ana ɗora mita a kan ƙwaya, idan ta nuna bolt uku da wani abu a ce tana da rai, a jefa ta cikin kwandon masu kyau. Bolt ba ya gaya maka komai game da lafiyar ƙwaya. Tulu mai tsaga ma yana nuna ruwa a baki lokacin da aka cika shi, sai da safe ake sanin halinsa. Shi ya sa masu yin abin da gaske, bayan sun gama awo, sukan ajiye ƙwayoyin makonni uku ko huɗu su sake aunawa, duk wadda ta zubar da cajinta tana zaune a fitar da ita, domin alama ce cewa akwai ɓaraka a cikinta. Akwai kuma awon turjiyar cikin ƙwaya, wanda ke bukatar na'urarsa daban. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai fito a rubutunka ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda ka ce ƙwayar da ta sauka ƙasa sosai ana iya tayar da ita da ɗan caji. Ana iya tayar da ita, gaskiya ne, za ta ma yi aiki. Amma ga abin da ke faruwa a ciki. Ƙwayar nan takardu ne sirara aka naɗe kamar tabarma: ɗaya ta jan-ƙarfe, ɗaya ta alminiyam, kowace an shafe ta da sinadarinta, a tsakaninsu kuma wata leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba. Wannan leda ita kaɗai ce ke raba ɓangarorin biyu. Idan ƙwaya ta daɗe a ƙasa da bolt biyu, jan-ƙarfen yakan fara narkewa cikin ruwan batir. Da aka sake yi mata caji sai ya koma ya daskare a inda bai kamata ba, wani lokaci kamar ƙananan allurai. Ranar da allura ɗaya ta huda ledar, ƙwayar ta haɗe da kanta daga ciki. Babu fis ɗin da ke hana wannan, babu allon tsaron da ke ganinsa kafin ya faru, kuma ba ya ba da sanarwa. Yana iya zama bayan mako, yana iya zama bayan wata takwas, da tsakar dare, lokacin da kowa ya saki jiki da akwatin.

Na taɓa ganin ƙwaya ɗaya tak ta kama. A shagon wani mai gyara ne, yana ɓamɓare batir da sukudireba, bakin ƙarfen ya yage rigar ledar da ke kafaɗar ƙwayar. Mutane da yawa ba su san cewa duk gwangwanin ƙwayar nan ɓangare ɗaya ne na wutar ba, ɗaya ɓangaren kuma hular da ke samanta, tsakaninsu 'yan milimitoci. Muka ji wani huci kamar na tukunyar gas, farin hayaƙi ya turnuƙe, sai harshen wuta ya fito da ƙarfi ta saman. Ƙwayar ta yi tsalle daga kan tebur ta faɗa cikin kwalaye. Allah ya taimaka ƙofa a buɗe take, mu uku muka fita muna tari, maƙwabta suka kawo yashi da ruwa. Har washegari maƙogwarona yana zafi. Wannan ƙwaya ɗaya ce, da rana tsaka, kowa a farke. Kai kuma kana maganar 500 a jere, kafaɗa da kafaɗa.

Wutar litiyam ba irin wutar da muka saba da ita ba ce. Idan zafin cikin ƙwaya ya wuce wani mataki, sinadaran da kansu suke ƙara haifar da zafi, ledar tsakiya ta narke a wajen digiri 130 zuwa 165, daga nan babu mai tsayar da abin. Zafin yana haura digiri 600. Sinadarin da ke cikin ƙwayoyin laftof, mai ɗauke da kobal, yana sakin iskar da wuta ke ci idan ya yi zafi, saboda haka lulluɓe shi da bargo ba ya kashe abin da ke ci a ciki. Ƙaramar tukunyar kashe gobara tana iya kashe harshen da ake gani, bayan mintuna ya dawo, domin ƙwayar da ke kusa ta riga ta ɗauki zafi. Haka za su yi ta kamawa ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙin kuma guba ne, yana ƙona huhu, yana sumar da mutum tun kafin wuta ta iso shi.

Wataƙila ka ce ai kowane abu yana da haɗari, janareta ma yana kashe mutane da hayaƙi, risho ma yana fashewa. Haka ne. Amma dubi waɗanda litiyam ya ba kunya. Kamfanin Sony ne ya fara fito da wannan batir kasuwa a 1991, babu wanda ya fi su saninsa, amma a 2006 kamfanin Dell ya janye baturan laftof miliyan 4.1 masu ƙwayoyin Sony saboda ƙananan ɓurɓushin ƙarfe da suka shiga ciki tun a masana'anta. A watan Janairun 2013 an dakatar da tashin dukan jiragen Boeing 787 na wajen wata uku saboda baturan wasu daga cikinsu sun ƙone. A 2016 Samsung ya tattara wayar Galaxy Note 7 ya daina yin ta gaba ɗaya. Waɗannan sababbin ƙwayoyi ne, daga ɗakunan da ko ƙura ba ta shiga, a hannun injiniyoyi dubbai. Idan abin ya kuɓuce wa waɗannan, da wane ƙarfin hali za mu ce wa magidanci mai ƙarfen dalma da mita guda ɗaya ya gwada da ƙwayoyin da bai san tarihinsu ba?

Tarihin nan ma abin dubawa ne. Laftof na zamani sun daɗe da komawa ga batura masu faɗi irin na waya. Waɗanda ke da ƙwayoyin 18650 yawancinsu tsofaffi ne, da yawa sun haura shekara goma. Wani ya yi amfani da laftof ɗin a Turai ko Amurka har ya gaji, aka loda ta a kwantena ta ƙetare teku, ta sauka Legas, ta hau mota zuwa Kano, wani ɗalibi ya saya ya yi shekara uku da ita, batirin ya mutu, ya zauna a kwandon mai gyara, ko ya je bola rana ta gasa shi, ruwan sama ya dake shi. Ƙwayar ba ta ɗauke da takardar da za ta gaya maka wannan. Ga kuma 'yan damfara da ke sake wa matattun ƙwayoyi sabuwar riga su buga 9,900 mAh a jiki, alhali ƙwaya mai wannan girman daga manyan kamfanoni ba ta wuce wajen 3,500. Ƙwayar kirki tana da nauyin giram 45 ko sama da haka kaɗan, ta bogi kuwa da ka ɗaga za ka ji ta sakayau.

Ka kawo misalin motar Tesla, ka ce ai ita ma da irin waɗannan ƙwayoyin aka haɗa ta. Gaskiya ne, motarsu ta farko da ta fito a 2008 tana da ƙwayoyin 18650 guda 6,831. Sai dai ka faɗi rabin labarin. Ƙwayoyin sababbi ne, iri ɗaya, daga masana'anta ɗaya. Kowace tana da fis ɗinta. Akwai ruwan sanyaya da ke zagayawa a tsakaninsu, akwai kwamfuta da ke sa ido a kan zafi da bolt a kowane lokaci. Haka ma filin ƙwallon Johan Cruijff da ke Amsterdam, wanda tun 2018 yake adana wuta da baturan motar Nissan Leaf, sababbi da tsofaffi, kwatankwacin na mota 148. Wannan shi ne sake amfani da tsohon batir yadda ya dace: kamfanin da ya ƙera shi ya san tarihinsa, injiniyoyi suka auna, aka ajiye shi a ɗaki na musamman. Misalan nan biyu hujja ce a kanka, domin abin da suke nunawa shi ne yawan tsaron da ake bukata kafin a yarda da ƙwayoyi masu yawa a wuri ɗaya.

Akwai misalin da ya fi kama da halinmu, shi ne birnin New York. Can akwai dubban masu kai saƙo da kekuna masu batir, yawancinsu baƙi ne masu neman na abinci, suna sayen batura masu araha, wasu an haɗa su da tsofaffin ƙwayoyi, suna cajinsu a ɗakunan da suke kwana. A shekarar 2023 kaɗai hukumar kashe gobara ta birnin ta ƙirga gobara 268 da batirin litiyam ya haddasa, mutum 18 suka rasu. A wannan shekarar majalisar birnin ta yi dokar da ta haramta haɗa batir da ƙwayoyin da aka ciro daga tsofaffin batura, ta haramta sayar da shi. Birni ne da motar kwana-kwana ke isowa cikin mintuna, da famfon kashe gobara a bakin titi. Abin da suka haramta bayan sun binne mutane, shi ne kake kiran mutanenmu su shiga yi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da Bahaushe ya ce ka yi da naka.

Yanzu mu dawo gidajenmu, domin a nan ne maganar ta fi nauyi. Kamfanonin da ke yin waɗannan ƙwayoyi sun ce kada a yi musu caji idan zafi ya wuce digiri 45. A Sakkwato, Maiduguri, Yamai ko Damagaram, zafin inuwa yana haura 40 a bazara. Ɗakin kwano mara silin da azahar ya fi haka, kuma daidai wannan lokacin ne farantin sola ke tura wuta mafi yawa cikin batir. Ga zafin gari, ga zafin caji, ga ƙwayoyi a cunkushe cikin akwatin katako ko na roba. Zafi yana tsufar da ƙwaya da sauri, tsufa kuma yana sa ta ƙara ɗaukar zafi. Da hunturu kuma ƙura ta cika duk wata kafa.

Sannan ina za a ajiye shi? Ba mu da garejin da ke ware daga gida. Saboda tsoron ɓarayi, batir da inbata a cikin ɗaki suke kwana, a falo ko a ƙuryar uwargida, kusa da katifar soso da labule da gidan sauro. Tagoginmu duk an yi musu ƙarfe. Ƙofa ɗaya ce, an sa mata sakata da kwaɗo, wani lokacin ma akwatin yana daf da ƙofar saboda nan waya ta shigo. A gidan haya kuwa, bango ɗaya ya raba ka da iyalin wani, rufi ɗaya ya haɗa ku. Mun tashi iyayenmu suna hana mu barin wuta a ɗaki idan za a kwanta, ko ta kasko ce da sanyi. Ban ga yadda za mu bar wannan tarbiyya don wutar ta zo a cikin gwangwani ba. Kuma mutum yana iya cewa ya yarda ya ɗauki haɗari a kan kansa, amma 'ya'yansa ba a tambaye su ba, maƙwabcinsa ma ba a tambaye shi ba, alhali yana da haƙƙi.

Ka ce aikin ba shi da wuya, ƙarfen dalma da waya sun isa. Ƙarfen dalma yana tura zafi kai tsaye cikin ƙwaya, yana iya lalata ledar ciki da robar da ke rufe bakinta, shi ya sa masana'antu ke amfani da waldar ɗigo, wadda ke manna siririn ƙarfe cikin ƙiftawar ido ba tare da ƙwayar ta yi zafi ba. Rumbun bolt 48 yana bukatar rukuni 14 a jere. Ƙwaya 504 ke nan idan kowane rukuni yana da 36, wato mahaɗa fiye da dubu, kowace tana iya saki ko ta yi tartsatsi. Idan ƙwaya ɗaya a cikin rukuni ta haɗe daga ciki, sauran 35 ɗin za su juye mata wutarsu gaba ɗaya, sai fa idan kowace tana da siririn fis nata. Kuma dole rukunan su zo daidai da juna wajen abin da suke riƙewa, in ba haka ba mai rauni zai riƙa cika kafin saura, ya riƙa ƙarewa kafin saura.

Ga wani kuskure da na tabbata za a yi saboda rubutunka, domin ka ce a jona rumbun da inbatar da ke gida. Yawancin ƙananan inbatocin da ke gidajenmu na bolt 12 ne, an yi su ne don batirin ruwa, suna caji har wajen bolt 14.4. Idan mutum ya jera rukuni uku na ƙwayoyin laftof, iyakar abin da za su iya ɗauka 12.6 ne. Inbatar za ta ci gaba da turawa, kowace ƙwaya ta nufi 4.8, alhali iyakarta 4.2. Wannan hanya ce miƙaƙƙiya zuwa gobara. Abin da zai tsaya tsakanin iyali da wannan shi ne allon tsaro da ake kira BMS, kuma ka ambace shi a layi ɗaya kamar wani abin ƙawa. Na kirki yana da tsada. Na araha kuwa na sha ganin ya mutu shiru, batir yana ci gaba da aiki, mai gida bai san mai gadinsa ya tafi ba.

To haɗa kuɗin: batura 170, na'urar gwaji, ma'aunin turjiya, injin waldar ɗigo, ƙarfen mannawa, fis, mariƙan ƙwayoyi, BMS na kirki, akwatin ƙarfe, ɗan ɗaki a waje mai iska, da watannin da mutum zai bar sana'arsa. Sannan ka tambayi shekara nawa abin zai yi. Ƙwayar laftof an yi ta ne don cikawa da saukewa sau 300 zuwa 500 kafin ta fara gajiya, kuma waɗannan sun riga sun ci wani kaso na wannan. A gidan da babu wuta, kullum sai an cika an sauke. Sabon batirin litiyam mai sinadarin ƙarfe, wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa, yana yin zagaye dubbai, ya fi jure zafi nesa ba kusa ba, kuma ƙwaya huɗu a jere suna ba da bolt 12.8, daidai da tsarin da muka saba. Ban ce ba ya ƙonewa ba, ban kuma ce kowa zai iya sayensa ba. Amma idan aka raba kuɗin da yawan dararen da za a samu wuta, tsohuwar ƙwaya ba ta da arahar da ka ba ta.

Batun muhalli ba zan daɗe a kansa ba. A lissafinmu an zaɓi ƙwaya 500, an ƙi 500. Ina waɗanda aka ƙi za su? Bola, inda yara ke tsince-tsince, inda ake cinna wa shara wuta da yamma. Da suna kulle a cikin robarsu, yanzu an fito da su tsirara. Bayan shekara ɗaya ko biyu sauran ma su bi su.

Kada a fahimce ni cewa ina so a zubar da duk tsohuwar ƙwaya, ko a kori matasan da ke wannan sana'a. A Farm Centre ta Kano da sauran kasuwannin waya akwai yara masu hannu da kaifin basira, waɗanda ke sa ƙwaya biyu ko huɗu a fitila, ko rediyo, ko ƙaramar fanka, su rayar da abin da aka yar. Wannan aiki ne mai amfani, haɗarinsa kuma daidai girmansa, abin da za a iya ɗauka a jefa tsakar gida idan ya fara hayaƙi. Abin da suke bukata shi ne horo da kayan awo. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da kwalejojin fasaha na iya tsara kwas na gwada ƙwayoyi da haɗa su, da shaidar da mai saye zai iya nema. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sa ido kan ƙwayoyin bogi da ke shigowa, NEMSA mai kula da ingancin aikin lantarki ta duba yadda ake girka manyan batura a gidaje da kasuwanni, NESREA mai kula da muhalli kuma ta tilasta a samar da wuraren karɓar matattun ƙwayoyi. Idan wata rana aka samu bita mai rajista, mai wuta tsayayya, da ke gwada kowace ƙwaya ta rubuta sakamakonta, ta rufe rumbun cikin ƙarfe, ta ba da garanti da sunanta a jiki, ni ne zan fara kai mata ciniki. Sana'a ce ta ƙwararru a wurin da aka tanada, kuma rubutunka ya mayar da ita aikin ranar hutu a tsakar ɗaki.

Ɗan'uwa, na san da kyakkyawar niyya ka yi rubutun, kuma mutane suna jin maganarka, shi ya sa nake roƙonka ka dawo wannan shafi ka gyara. Ka faɗa musu yawan ƙwayoyin da ake bukata da tsawon lokacin gwaji. Ka janye maganar tayar da ƙwayar da ta sauka ƙasa da bolt biyu, ka janye maganar ƙarfen dalma, ka janye maganar jona shi da inbatar batirin ruwa.

Kai kuma mai karatu da ka riga ka haɗa, ko aka haɗa maka, kada ka jira sai ka ga amsar Malam. Ka fitar da akwatin daga ɗakin da ake kwana yau, ka nisanta shi da ƙofar fita da katifa da tukunyar gas, ka sa shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan siminti. Ka samu wanda ya san aikin ya auna kowane rukuni, ya duba iyakar cajin inbatarka. Idan ka taɓa shi ka ji zafin da ba ka saba ji ba, ko ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ka kashe caji nan take, kada ka sake kunnawa. Idan kuwa ka ji huci ko ka ga farin hayaƙi, kada ka tsaya ceton kaya: ka kwashe yara ku fita, ka ja ƙofa, ka tashi maƙwabta, ka kira 'yan kwana-kwana.